Zare da Allura: Na Sayi Kwarashi, Daga Ina Zan Fara?

Assalamu alaikum, masu karatu. Damina ta fara naɗe tabarmarta, kuma duk shekara da an shigo wannan lokaci sai wasiƙun masu son koyon saƙa su rinjayi na masu ɗinki, don kowa ya fara jiyo ƙanshin hunturu. Daidai ne kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ke son ɗanta ya sa hular da ta saƙa masa a watan Disamba, yanzu ne lokacin ɗaukar kwarashi. Na zaɓo wasiƙun da na ga amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya, na kuma rage musu tsawo.

Tambaya: Anti, ina da cikin fari, wata shida. Na ga wani shawul na jarirai a waya ya shiga raina, sai na sayi kwarashi da ulu baƙi da ja na fara. Yau sati uku ke nan. Abin ya fara da faɗi, yanzu sai tsukewa yake yi kamar mazurari, ga ciwon hannu. Sau biyu ina warwarewa. Ko dai ni ce ba ni da hannun saƙa? Daga wata amarya a Gusau.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yata. Hannun saƙa kam kina da shi, da babu da tuni ulun yana ƙarƙashin gado. Abin da ya faru shi ne kin ɗauki aikin da ya fi ƙarfin mai sati uku. Ki ajiye shawul ɗin nan tukuna.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya gwaggona ta fara koya mini a Tudun Wadan Zariya. Wata guda cur ba ta bar ni na saƙa komai ba sai ɗan ƙyalle kamar tafin hannu. In na gama ta karɓa ta ɗaga shi a haske, ta ja zaren ta warware, ta miƙo mini. Ranar farko har kuka na yi. Sai daga baya na gane yatsuna take horarwa, har suka san yadda za su riƙe zare ba tare da na yi tunani ba. Yau shekara talatin da wani abu, duk yarinyar da ta zo tsakar gidana koyo da wannan ɗan ƙyallen nake fara mata.

Ki nemi kwarashi mai lamba 4 ko 4.5, lambar tana rubuce a jikinsa, kaurinsa ne da milimita. Ki sayi ulu mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko ruwan hoda. Baƙin zare yana ɓoye idon saƙa, wato ɗan lanƙwashin zaren da ake soka kwarashi a ciki, ko ni ba na saƙa shi da dare. Abu uku kawai za ki koya. Na farko sarƙa, wadda kin riga kin iya. Na biyu gajera: ki soka kwarashi cikin ido, ki jawo zare, kin ga ido biyu ke nan a kan kwarashin, sai ki naɗo zare ki fitar da shi ta cikinsu duka. Na uku doguwa: ki fara naɗa zare sau ɗaya kafin ki soka, ki jawo, ido ya zama uku, ki naɗo ki fitar ta biyu, ki sake naɗowa ki fitar ta biyun da suka rage. Hula, safa, shawul, rigar sanyi, kusan duk daga waɗannan ukun ake gina su.

Tsukewar da kike gani kuwa, a ƙarshen layi ake yi miki sata. Idon ƙarshe yakan kwanta ya ɓuya, sai ki juya aikin ba ki shiga cikinsa ba. Kowane layi ido ɗaya ya tafi, bayan layi ashirin mazurari ya fito. Maganinsa ƙidaya. Ki yi ƙyalle mai ido 20, duk layin da kika gama ki ƙirga da baki, in 19 ne ki koma ki nemo ɗayan. Ki kuma ratsa guntun zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe don ki riƙa ganinsu. In za ki juya, sarƙa 1 ake yi wa gajera, sarƙa 3 ake yi wa doguwa. Ciwon hannun kuma daga matse zare ne. In sai kin yi kokawa kafin kwarashi ya shiga ido, to kin matse da yawa. Ki sassauta, ki riƙa ajiye aikin kina miƙe yatsu, musamman yanzu da ciki kan kumbura hannu.

In ƙyallenki ya fito da kusurwa huɗu daidai har sau uku a jere, sai ki koma kan shawul, amma ta wata hanya. Maimakon babban abu guda, ki saƙa ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu ki haɗa. Sarƙa 4, ki haɗa bakinta ta zama zobe. Sarƙa 3, doguwa 2 a cikin zoben, sarƙa 2. Sai doguwa 3, sarƙa 2, ki maimaita har rukuni ya zama huɗu, ki rufe. A zagaye na biyu, kowane ramin kusurwa ki zuba masa doguwa 3, sarƙa 2, doguwa 3, tsakanin kusurwa da kusurwa kuma sarƙa 1. Daga zagaye na uku kusurwa ba ta canzawa, ramukan gefe ne za ki riƙa ba kowanne doguwa 3. Daɗin wannan saƙa shi ne ba kya laluben ido, rami ne a buɗe kike sokawa. Zagaye huɗu zai ba ki gida mai faɗin kusan santimita 10. Gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance, sun ishe ki shawul. In kina yin biyu a rana, kwana 32 kin gama, saura haɗawa da allura. Kina da wata uku a gabanki. Abu ɗaya kawai, in za ki sayi ulun ki saye shi gaba ɗaya, don launi ɗaya ma yakan bambanta daga wannan kwali zuwa wancan.

Tambaya: Ni tsohuwa ce, shekarata sittin da biyu. Da ƙuruciya na iya saƙar kibiya, amma na manta. An yi mini jika, ga Jos da sanyi. Ina son in yi masa hula da hannuna, sai dai idona ya rage gani. Daga wata kaka a Jos.

Amsa: Barka da arziki, Mama, Allah ya raya shi bisa sunna. Da kwarashi za ki fi samun sauƙi, don ido ɗaya ne ke saura a kansa duk sanda kika gama sara, ba kamar kibiya ba da in ta zame sai layi guda ya zube. Ki ɗauki lamba 5 da ulu mai ɗan kauri, fari ko shuɗi mai haske, ki zauna a inuwa da hantsi.

Daga tsakiyar kai ake farawa. Ki yi ɗan zobe ki zuba doguwa 12 a ciki. Zagaye na biyu kowane ido ki ba shi biyu, sun zama 24. Na uku, ido ɗaya ki ba shi ɗaya, na gaba ki ba shi biyu, sun zama 36. Aikin zai fito a shimfiɗe kamar ɗan faifai. Kan sabon jariri zagayensa wajen santimita 34 ne zuwa 35, don haka da faifan ya kai santimita 10 daga gefe zuwa gefe sai ki daina ƙari. Daga nan kowane ido ɗaya-ɗaya, za ki ga ta lanƙwaso da kanta ta zama hula. Ki ci gaba har tsawonta daga tsakiya zuwa baki ya kai santimita 12 ko 13. In faifan ya yi ƙoƙo tun da wuri, ƙarin ya yi kaɗan. In bakinsa ya yi tattara, ƙarin ya yi yawa.

Ina roƙonki abu uku, Mama, kuma da duk mai saƙa wa jariri nake. Kada a sa wa hula doguwar igiyar ɗaurewa a wuya, kada kuma a liƙa mata duwatsun ado ko maɓalli da yaro zai iya cirewa ya kai baki. Na biyu, in an yi safa a juya cikinta a tabbata ba zaren da ke lilo, don siririn zare yakan naɗe ɗan yatsan jariri ya shaƙe shi, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Na uku, yawancin ulun da ke kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne, in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. A nisanta yaro da kaskon gawayi in yana sanye da shi.

Tambaya: Anti, mahaifiyata ta rasu ta bar mini kekenta, baƙi mai tambarin Butterfly, na ƙafa. Duk sanda na fara ɗinki, sama ya yi kyau, amma ƙasan ƙyallen sai zare ya cukurkuɗe. Wani lokacin kuma ya riƙa tsallake. An ce in sayar in sayi na lantarki. Daga wata 'yar uwa a Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Kada ki sayar da keken nan, ƙanwata. Irinsa ne a ɗakina. A Shanghai ta ƙasar Sin ake ƙera shi, bisa zubin tsohon Singer, shi ya sa duk garin da kika shiga za ki sami kayan gyaransa da mai gyaran. Ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ɗinki miƙaƙƙe da yake yi shi ne abin da mai koyo take buƙata.

Kusan kowa in ya ga cukurkuɗewa a ƙasa sai ya kama kunce kwarkwaro, ɗan abin nan da ake naɗa zaren ƙasa, wanda teloli ke cewa bobin. Alhali galibi laifin zaren sama ne. A gefen kan keken akwai wasu 'yan faya-fayan ƙarfe biyu da zare ke bi ta tsakaninsu, su ke riƙe shi. In kika zura zare alhali ƙafar keken, wato ɗan ƙarfen da ke danne ƙyalle a ƙarƙashin allura, tana sauke, faya-fayan a matse suke, zaren ba zai shiga tsakaninsu ba, sai ya tafi sakaka ya taru a ƙasa. Ki ɗaga ƙafar, ki zare zaren gaba ɗaya, ki sake zura shi daga farko, ki tabbata ya bi ta ɗan hannun nan mai hawa da sauka. Sannan in za ki fara ɗinki ki riƙe jelar zare biyun ta baya da yatsa har allura ta yi sara uku ko huɗu.

Tsallake kuwa yawanci allura ce. Ko ta lanƙwashe, ko bakinta ya dakushe, ko an sa ta a juye. Ki duba gindinta, gefe ɗaya a shafe yake. A irin wannan keken shafaffen gefen dama yake kallo, zare kuma daga hagu yake shiga ya fita dama. Ki tura ta sama har ta tsaya kafin ki ɗaure. Lamba 14 ce ta atamfa da yawancin yadi, 11 ta yadi mara nauyi, 16 ta shadda mai kauri. Yadin hijabin nan mai talewa yana son allura mai ɗan dunƙulallen baki, ki tambaya wajen masu kayan ɗinki.

Tunda keken ya daɗe a ajiye, ki buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura ki share ƙurar auduga da ta taru a haƙoran da tsohon buroshi. Ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowane ɗan rami. Man keke na ce, kada ki kuskura ki sa man gyaɗa, daskarewa yake ya zama danƙo. Ga hunturu na tafe da ƙura, ki riƙa rufe shi da zani.

Sai ƙafarki. Ki cire zare ki yi kwana biyu kina taka shi kawai, kina lura tayar hannu da ke gefen dama na keken tana juyowa ta wajenki, ba ta komawa baya, don komawar nan ita ke tsinka zare. Sannan ki ja layuka a takarda ki bi su da allura ba zare. In ramukan suka zauna a kan layi, ki ɗauko ƙyalle.

Tambaya: Na yi wata ɗaya ina koyon ɗinki wajen maƙwabciyata. Ina da atamfa mai tsada daga cikin lefena, ina son in ɗinka riga da siket da kaina in ba mijina mamaki. Yaya ake yanka hannun riga? Daga Kaduna.

Amsa: 'Yata, mayar da atamfar nan cikin akwati. Ba zan gaya miki yadda ake yanka hannu a wannan watan ba, don na san abin da zai biyo baya. Ni na taɓa yi. Shekarata ta farko a kan keke yayata ta ba ni turmin atamfarta na Sallah saboda ta yarda da ni. Na yanka ban bar rarar ɗinki ba, rigar ta ƙi shiga, kuma abin da almakashi ya raba ba ya komawa. Ba ta yi mini faɗa ba, tsohuwar riga ta sa ta tafi idi. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Ki fara da rigar matashi, wadda ba zif ba maɓalli. Ki auna filonki. A ce faɗinsa inci 18, tsawonsa 28. Ki yanka ƙyalle ɗaya mai faɗin inci 19 da tsawon 64. Ki kalmashe gajerun bakunan biyu, rabin inci sau biyu kowanne, ki ɗinke. Ki shimfiɗa ƙyallen fuskarsa tana sama, ki naɗo bakin hagu da na dama su hau juna da inci 6, yadda tsawon abin a naɗe zai zama 28. Ki ɗinke dogayen gefen biyu kina barin rabin inci, ki juya. Kin gama. Yadi biyu na atamfa mai araha zai ba ki guda biyu har da saura. A wannan ɗan aikin kin koyi awo, yanka a miƙe, kalmasa da rarar ɗinki, kuma daren nan za ki kwana a kansa.

Bayan kin yi huɗu, ki nemi 'yar ƙaramar yarinya a gidanku ki yi mata siket mai roba. In ƙugunta inci 20 ne, faɗin ƙyallen ya zama 30 zuwa 40, gwargwadon tattarar da kike so. Tsawo kuma ki auna daga ƙugu zuwa idon sawu ki ƙara inci 3, biyu na gidan roba, ɗaya na kalmasar ƙasa. Ki haɗa gefe, ki naɗe sama ki ɗinke ki bar 'yar kafa, ki zura roba mai inci 19 da fil mai rufewa, ki haɗa bakinta, ki toshe kafar. Yara ba sa duba ko ɗinki ya karkace, murna kawai za ta yi. Daga nan ɗankwali, hijabin yara, zanen gado. In kin zo kan riga, ki fara gwada yankan a tsohon zani.

Abu biyu da masu koyo ke rainawa. A jiƙa yadin auduga a shanya kafin a yanka, don yakan ɗan shige a wankin farko. Kuma dutsen guga ya zauna kusa da keke, duk layin da aka ɗinka a goge shi kafin a wuce. Rabin kyan ɗinkin tela guga ne.

Tambaya: Hajiya, ni namiji ne, ɗalibi. Ina kallon ƙanwata tana saƙa, abin yana burge ni, har na iya sarƙa a ɓoye. Abokaina za su yi mini dariya. Shin abin kunya ne? Daga Bauchi.

Amsa: Malam, ka fito da kwarashinka fili. Ka tambayi kowane dattijo a unguwarku su wa ke da zare da allura a ƙasar Hausa tun asali. Maza ne ke zaune a bakin masaƙa suna jefa ƙoshiya suna fitar da sawaye, ƙyallen nan siriri da ake haɗawa a yi riga, mata kuma suna kaɗi suna saƙa gwado mai faɗi a cikin gida. Aska takwas da aska biyu da ke gaban babbar riga, maza ne suka yi ta zama a zaure suna ɗinka su wata da watanni. Malamai da almajirai da yawa da ɗinkin hula suka ci abinci suka yi karatu. A birnin Zariya sai daga baya ne mata suka shigo aikin ɗinkin riga na hannu da ƙarfinsu. Har gobe ka leƙa shagunan teloli ka ga su wa suka fi yawa. Kwarashi baƙo ne, ya zo ya fi sabawa da hannun mata, shi ke nan.

Ka fara da 'yar jakar waya. Sarƙa daidai faɗin wayarka, gajera kawai kana zagayawa har ta rufe tsawonta. Sai hular sanyi, ka bi bayanin da na yi wa Mama ta Jos, amma ka bar faifan ya kai santimita 16 ko 17. Farar hular nan mai ƙananan ramuka da ake sawa zuwa masallaci ma da kwarashi ake yin ta hannu, sai dai tana son siririn zaren auduga da kwarashi lamba 2 ko ƙasa da haka. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Tambaya: Ni bahaguwa ce, duk wadda ta koya mini sai mu rikice. A bidiyon waya kuma suna ɗaya ne amma kowa da abin da yake yi. Daga Kwantagora.

Amsa: Kada ki zauna a gefen mai koya miki, ki zauna kina fuskantarta kamar madubi, abin da hannun damanta ya yi hagunki ya kwaikwaya. Ke daga hagu zuwa dama aikinki zai riƙa tafiya, kuma ba abin da zai rage masa. Rikicin bidiyo kuwa ba daga gare ki ba ne. Sunan da 'yan Amurka ke kiran doguwa da shi, shi ne 'yan Ingila ke kiran gajera da shi. Ki rage sautin ki kalli hannu: in an naɗa zare kafin a soka, doguwa ce.

Tambaya: Anti, ina son koyo amma kuɗin ulu ya fi ƙarfina. Kuma ku kuna magana da inci da yadi, mu nan da mita muke awo. Daga wata ɗiya a Damagaram.

Amsa: Sannu 'yata, ina gaida mutanen Damagaram. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, yadi ɗaya santimita 91, turmin atamfa mai yadi shida kuma kusan mita biyar da rabi. Yawancin tef ɗin awo fuska biyu gare shi, ki juya bayansa za ki ga ɗayan.

Batun zare, akwai hanya. Ki je wajen masu gwanjo ki nemi tsohuwar rigar sanyi ta manya mai kaurin zare, ko da ta huje. Kafin ki biya ki juya cikinta ki duba haɗin gefe. In an datse bakin ne aka bi shi da keke aka naɗe, ki bar ta, guntu-guntu za ta warware. In kuwa bakin saƙar lafiyayye ne an haɗa shi da zare kamar sarƙa, ki saya. Ki raba hannu da gaba da baya, ki fara warwara daga sama. Zaren zai fito a nannaɗe. Ki naɗa shi a bayan kujera, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki wanke, ki rataya a inuwa da ɗan abu mai nauyi a ƙasa, zai miƙe. Riga ɗaya takan ba da huluna da safa masu yawa.

Leda ma zare ce. Ki wanke, ki shanya, ki yanke hannu da gindi, ki yayyanka ta a kwance ta zama zobba masu faɗin yatsa biyu, ki sarƙafa su cikin juna. Da kwarashi lamba 6 zuwa 8 ake saƙa ta, tana ba da jakar cefane da 'yar tabarmar bakin ƙofa da ruwa ba ya ɓata su. Wata ɗalibata da ita ta koyi doguwa kafin ta taɓa riƙe ulu. Amma kada a yi abin sauke tukunya da leda ko ulun roba, wannan sai zaren auduga.

Na ɗinki kuma, ki yi zumunci da telan unguwarku. Ƙyallayen da yake sharewa kullum, in kin yanka su daidai wa daida kin haɗa, rigar matashi ce da shimfiɗar jariri. Ko keke ba kya buƙata. Allurar hannu ta isa, ki riƙa yin ɗinkin koma-baya, wato kowane sara ki koma ki soka a inda na baya ya ƙare. Yana da ƙarfi kusan kamar na keke.

Tambaya: Na fara iya hula da safa, 'yan uwa sai karɓa suke suna sa albarka, ba mai biya. Ulu kuma da kuɗina nake saye. Yaya zan yi ba tare da na ɓata zumunci ba? Daga Kano.

Amsa: Wannan ciwon duk mai sana'ar hannu ta san shi, ƙanwata. Ki ware abin da za ki bayar don Allah, kamar kayan barka in an yi haihuwa a dangi, ki kai da hannunki ranar suna da zuciya ɗaya. Wanda aka ce ki yi kuwa aiki ne. Da an ce "ki saƙa mini", ki amsa da fara'a ki ce to, a kawo kuɗin ulu ƙwallo kaza in sayo. Wadda take so da gaske za ta kawo, wadda ba ta kawo ba kin huta ba tare da kin ce a'a ba.

Ki sami ɗan littafi. Duk abin da kika saƙa ki rubuta ƙwallo nawa ya ci, mai giram 50 ne ko mai 100, da awa nawa ya ɗauke ki. Ba zan yanka miki farashi a nan ba, don kafin mujallar nan ta iso hannunki kuɗin zare ya motsa. Amma ki haɗa kuɗin ulu, da na motar zuwa kasuwa, da ladan zamanki, kada ki bar na ukun a baya. Tunda a Kano kike, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi zare da yawa a Ƙofar Wambai ku raba, ya fi sayen ɗaya-ɗaya a unguwa. Saitin jarirai, wato hula da safa da 'yar riga, ya fi fita daga Nuwamba zuwa Janairu, don haka ki tara tun yanzu, ki sa kowanne a farar leda kada ƙura ta dusashe shi.

Masu tambayar yadda ake sa zif, ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan kowa ta tanadi zif mai inci 8 guda biyu da ƙyallen da ba ta jin asararsa, za mu ɗinka 'yar jakar kayan kwalliya.